Tuffar Issaka a Bayan Gidana

Da sunan Allah nake farawa, Shi Ya kai ni lafiya, Ya kuma dawo da ni lafiya. Tun da na dawo daga Doha ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a wurin mai shayi a tambaye ni, har wanda ya zo aron fartanya sai ya nemi wuri ya zauna ya ce in ba shi labari. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta da ajami yadda na saba, maƙwabcina malamin firamare ya mayar mini da shi boko. Wanda yake neman labarin dogayen benaye ya yi haƙuri, kaɗan zai samu a nan. Ni manomi ne, kuma ko a can ƙasa idona ya fi kallo.

Ɗana na fari ne ya kira ni. Abba muke ce masa, don sunan mahaifina ya ci, kuma shi ne shugaban masu gadi a wani otal da ke West Bay. Allah Ya ba su haihuwa shi da matarsa Hauwa, ya matsa lallai in je in ga jikana in kuma huta. Na ce sai na haƙe dankali. Da na haƙe, na rasa wata hujja.

Daga Barikin Ladi na shiga mota zuwa Abuja. A Hawan Kibo tayarmu ta yi faci, muka sauka muka yi azahar a gefen titi, wata mai sayar da ayaba ta ba mu ruwan alwala ta ƙi karɓar komai. A jirgi kuwa an ba ni abinci cikin 'yan kwanoni masu murfi, da wani farin ƙyalle mai ɗumi a naɗe. Na ɗauka alkaki ne irin nasu, har na kai shi kusa da baki, sai na ga na kusa da ni yana goge hannu da nasa.

A wurin duba fasfo na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni. Na ɗora babban yatsa, shiru. Na ɗora manuni, shiru. Shekara hamsin na riƙon fartanya sun shafe zanen. Ma'aikacin, wani saurayi mai farar riga, ya tambaye ni aikina da Larabci, na amsa masa da Larabcin da na koya a zaure cewa ni mai noman ƙasa ne da yardar Ubangiji. Ya yi dariya har ya kira na kusa da shi ya ce in maimaita, wai magana nake kamar mai huɗuba. Daga nan ya nuna mini in shafa yatsan a goshina ya ɗan sami maiƙo. Na shafa, na ɗora, na'ura ta yi ƙara. Ya ce, "Khalas, ya Hajji," wato shi ke nan, ya miƙo mini fasfo da hannu biyu.

Gidan Abba a Al Mirqab yake, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙofofi. Kowa ƙofarsa a rufe, ba sallama, ba yaro ya zo karɓar wuta ko gishiri. Kwanakin farko duk wanda na haɗu da shi a lif sai na gaishe shi na tambayi iyalinsa, wasu su amsa, wasu su dubi takalmansu. Abinci kuwa ba laifi. Akwai shinkafarsu da ake dafawa da nama da busasshen lemon tsami, majbus suke ce mata, da shayi mai kauri da ake kira karak, wanda na saba da shi fiye da yadda ya kamata. Amma da Hauwa ta tuƙa mini tuwon masara da miyar kuka, ranar ce na san na iso.

Mako guda na yi ina hutun da aka kira ni in yi, har jikina ya fara ciwo. Sai na riƙa saukowa bayan la'asar ina zama a bakin gini. A nan na ji mai gadin ginin yana yi wa wata kyanwa faɗa da Hausa. Dattijo ne kamar ni, gajere, mai furfura a gemu. Sunansa Issaka, mutumin Zangon Kumasi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kyanwa ma "ya" ce a wurinsa, tuffa kuma aful yake ce mata. Cikin kwana biyu muka zama kamar tare muka tashi. Ranar Juma'a ya kai ni Asian Town, inda na ga 'yan Arewa da 'yan Zango sun cika wani ɗan shago, ana cin shinkafa da wake irin ta Gana da yaji baƙi ƙirin. Wani direba ɗan Gusau ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, wai ƙamshin gida yake ji a rigata.

Kullum bayan la'asar Issaka yakan ci tuffa ɗaya, ya tsince 'ya'yan da ke cikinta, ya zagaya bayan gini. Rannan na bi shi. A gindin tankin ruwa na tarar da gwangwanayen madara a jere cike da ƙasa, ba ko ɗaya mai tsiro. Na tambaye shi, ya ɗan ji kunya, sannan ya faɗa mini. Shekararsa goma sha shida a ƙasar. Ya yi shara, ya yi wanke-wanke, ya yi gadi. Yanzu shekaru sun kai, ba za a sabunta masa takarda ba, bayan babbar salla zai koma gida gaba ɗaya.

"Malam, duk abin da na tsare a garin nan na wani ne," in ji shi. "Ranar da na tafi, ko ƙusa babu da za a ce Issaka ne ya kafa. Na ji wa'azi an ce wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ya ci sadaka ne gare shi, ko yana kabari. Shi nake so in bari. Shekara biyu ina shukawa, ko ɗaya bai fito ba."

Na tambaye shi me ya hana ya dasa dabino ko darbejiya. Ya ce dabino kowa yana da shi, shi aful yake so, don bai taɓa ganin itacensa da idonsa ba.

To, a nan Allah Ya haɗa shi da wanda ya dace, ba don wayona ba. Ina da itacen tuffa shida a bayan gidana, na koyi renonsu tun ina saurayi a wurin wani tsoho da ya yi aikin lambu a zamanin haƙar kuza. Na gaya wa Issaka cewa ƙwayar tuffa ba ta tsira sai ta sha sanyi mai tsanani na makonni, ta ɗauka hunturun ƙasarsu ya zo ya wuce. Shi kuwa yana ta binne su a ƙasa mai zafi kamar gyaɗa. Na kuma gaya masa wadda aka shuka daga ƙwaya ba lallai ta yi kama da uwarta ba, sai an yi mata aure da reshen mai kyau, kamar mangwaro. Abu ɗaya ne ban gaya masa ba a ranar, wato zafin bazarar ƙasar. Na ga yadda fuskarsa ta washe, na kasa.

Muka tara ƙwaya ashirin da ɗaya masu ƙiba. Na wanke su, na raba biyu, goma sha huɗu da bakwai. Kowane kashi na naɗe shi a ɗanyen ƙyalle, na sa a leda, na lulluɓe da takarda na ɗaure da zare. A bayan takardar na rubuta ranar da ajami, da bisimilla a sama, don ban saba fara rubutu babu ita ba. Na kai su firjin Hauwa na ajiye a lungu, ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Washegari na buɗe firji, babu su. Na duba ko'ina, can na hango su a saman kanta, a kan ƙyalle mai tsabta, kusa da Alƙur'ani. Na sauko da su na mayar. Kashegari suka sake hawa kanta. Ku da kuka san gida kun san inda matsalar take. Suruki ba ya tsare matar ɗansa da tambayar wa ya taɓa masa kaya. Ita kuma ba za ta dubi idona ta ce, Baba, mene ne wannan ka sa mini a firji ba. Abba ɗan fari ne, tsakanina da shi gaisuwa ce da abin da ya zama dole. Haka muka yi kwana shida, ni in sa a sanyi da safe, ita ta mayar sama da hantsi, muna gaisawa lafiya lau, tana durƙusawa tana kawo mini karak.

Issaka ne ya raba mu. Ya tare Abba a bakin ƙofa ya ce masa, "Kai, gidanku ba a magana ne? Aful ɗina yana hawa yana sauka kamar lif." Ashe Hauwa ta ɗauka addu'a ce na rubuto wa jariri, ta ga bai dace sunan Allah ya kwana kusa da ɗanyen kifi ba. Da Abba ya yi mata bayani, sai na ji dariyarta daga kicin, irin wadda ake toshe baki. Da yamma na tarar ta share wa ƙullin nan biyu aljihu guda na firjin, ta fitar da tumatirinta. Ni kuma na yanke wurin bisimillar na adana a aljihu, don gaskiyarta ce.

Bayan mako shida ƙwayoyin babban ƙulli suka fara tsaga baki, farar saiwa ta leƙo. Issaka ya ce mu shuka duka har da bakwai ɗin. Na ce a'a. Tun kakanninmu manomi ba ya zuba irinsa duka a shuka ɗaya, yakan riƙe wani abu ko da ruwan farko zai yaudare shi. Ya ce nan ba ruwan sama ake jira ba, famfo ne. Na ce duk da haka. Ya yi ta ƙunƙuni yana cewa 'yan Najeriya da taurin kai, na bar shi.

Tara suka fito cikin goma sha huɗu. Ranar da ganyen farko ya buɗe, Issaka ya tsuguna a gaban gwangwanin ya daɗe, sannan ya tashi ya je ya sayo mini karak kofi biyu.

Daga nan yaƙi ya fara. Ni a gida na san abokan gabana: gafiya, zomo, biri da akuyar maƙwabci. A tsakiyar birni irin wannan na ɗauka ba abin tsoro. Ashe akwai wani tsuntsu mai rawayan baki da ƙafa, mai tsiwa kamar ɗan tasha, maina suke ce masa. Muka tafi sallar Juma'a muka dawo, biyar babu kai. Tsuntsun yana kan tanki yana kallonmu. Issaka ya cire takalmi zai jefe shi, na ce masa ai sadakar da yake nema ce ta fara shiga.

"Malam, bar wasa," ya ce. "Sadaka ai sai abu ya nuna. Wannan sata ne."

Muka samo ragar buhun albasa muka rufe sauran huɗun. Raga ta hana tsuntsu, amma ba ta hana kyanwar nan da yake yi wa faɗa ba, wadda ta ga ƙasa mai laushi ta tone ɗaya don biyan bukatarta. Saura uku.

Mai ginin, kafil ɗin Issaka, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama, wani dattijon Balarabe ne mai sanda, yakan zo duk wata ya duba gidansa. Ya tarar da mu tsugune a gindin tanki, ya tambaya, aka gaya masa. Ya yi murmushi ya ce mahaifinsa ma ya gwada a da bai dace ba, amma yana da gona a wajen gari, mu kai su can inda akwai inuwa da ruwa mai daɗi. Ya aiko mota ranar Asabar. A gonar aka shigar da mu ɗakin baƙi aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Na shanye na miƙa, aka ƙara. A wurinmu mayar da abin da mai gida ya ba ka rashin ladabi ne, don haka na yi ta sha har kofi bakwai, zuciyata tana bugawa kamar ganga. Sai Issaka ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na ce me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Ya ce yana so ya ga iyakar ɗan Najeriya.

Muka dasa ukun a inuwar dabino. Ma'aikatan gonar suka ce akwai zomayen daji, na ce wannan aikina ne. Na sa aka kawo ragar waya, na kewaye kowace, na binne gindin ragar taƙi guda a ƙasa na lanƙwasa shi waje, yadda mai tono zai ci karo da waya. Tsawonta kuwa na tsayar iya gwiwa, don zomo ba ya wuce haka. Na yi aikin ina jin kaina. Ban tambaya ko akwai wata dabba ba, su ma ba su ga dalilin faɗa ba, don a wurinsu barewa ba dabbar daji ba ce, ta gida ce. Mai gonar yana kiwon su don sha'awa, ana sakinsu da safe su zaga. Da muka koma bayan mako guda, zomo bai taɓa komai ba. Barewa ta miƙa wuya ta sama ta cinye biyu har ƙasa. Ta ukun ta tsira don wani ma'aikaci ɗan Sudan ya kifa mata kwando.

Issaka bai yi mini gori ba, abin da ya fi damuna ke nan. Muka ɗaga ragar ta kai ƙirji, muka rufe samanta, muka jingina ganyen dabino ta gefen rana. Muna cikin ɗaurawa na ga lokaci ya yi, don saura kwana biyar in tafi. Na ce masa akwai maganar da na ɓoye masa tun farko, kuma ina neman gafararsa. Tuffa itacen sanyi ce. Zafin da ake ba ni labari yana zuwa, wanda mutum ba ya iya taka ƙasa, ban ga yadda wannan 'yar za ta wuce shi ba. Allah Yana iya komai, amma ni a sanina ba za ta kai babbar salla ba.

Ya ci gaba da murɗa waya bai dube ni ba. Can ya ce ya sani. Tun ranar da kafil ya ce mahaifinsa ya gwada ya sani. Sai dai yana so ya ga ganyen da idonsa, kuma ya gani.

Na ce masa to akwai bakwai a firjin Hauwa. Garinmu kan dutse yake, sanyinmu har ƙanƙara yake saukarwa wani lokaci, kuma ina da itatuwan da zan yanko reshe in yi musu aure. Wa'azin da ya ji bai ce sai a Doha ba.

Ranar da zan tafi Issaka ya hau har hawa na uku, abin da bai taɓa yi ba sai in famfo ya lalace. Hauwa ta ɗauko ƙullin ta miƙa masa. Ya riƙe shi a tafin hannu ya yi niyya a fili, ya ce ya dasa don Allah, sannan ya sa mini a hannu.

"Malam, ka sani nawa ne," ya ce. "Kai lebura ne kawai."

Na ce na karɓi aikin.

A Abuja wani ma'aikaci ya ga ƙulli ɗaure da zare ya tambaye ni ko laya ce. Na kwance masa, ya kira mai duba tsirrai, suka jujjuya ƙwayoyin da suka riga suka tsaga baki, suka yi mini tambayoyi, suka sallame ni. Ban kwana ba sai da na sa su a ƙasa.

Huɗu suka fito. Gafiya ta ci ɗaya tun suna cikin tukwane, laifina ne, na bar su a ƙasa. Sauran ukun na dasa su a bayan gida kusa da tsofaffin, na yi musu raga mai gindi a binne, mai tsawo har ƙirji, mai rufi a sama. Maƙwabta suna dariya suna tambaya ko raƙumi nake tsoro. Na ce na yi karatu a wurin barewa.

Ana saura mako biyu babbar salla Issaka ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce ta gonar kafil ta bushe, ɗan Sudan ɗin ya yi iya ƙoƙarinsa, har jiƙaƙƙen buhu yake rataya mata. Na fita da wayar bayan gida na sa aka ɗauki hoton ukun, ina tsaye a gefe don ya ga sun kai mini gwiwa. Yanzu yana Kumasi cikin jikokinsa. Duk Juma'a sai ya kira ya tambayi leburansa ko an yi ban ruwa, ya kuma ja mini kunne cewa ranar da suka fara 'ya'ya in cire rufin saman, in bar tsuntsaye su ɗauki rabonsu. Na ce birai fa? Ya ce birai su jira su ga abin da tsuntsaye suka rage.

Ko za mu ga 'ya'yan, ni da shi, Allah ne Ya sani, don tuffa ba ta gaggawa kuma mu biyun mun manyanta. Na dai gaya wa Abba inda suke da sunan mai su, a waya, magana mafi tsawo da muka taɓa yi da shi.

Masu tambayata tsarabar Doha, dabino da turaren sun ƙare tun makon farko. Abin da ya rage yana bayan gida. Duk wanda ya zo, in Allah Ya yarda zan zagaya da shi ya gani. Akwai ɗan allo da na rataya a jikin ragar, na rubuta da ajami: ta Issaka ce, mutumin Zangon Kumasi, a sa shi a addu'a. A rufe mini ƙofar lambun kawai in za a fita, saboda akuya.

Alhamdu lillahi a kan tafiya da dawowa.